Bututu ko Waya: Abin da Ke Yanke Hukunci a Zaɓen Basba na Manyan Tashoshin Lantarki

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen babbar tashar lantarki ta Kumbotso a Kano, ko ta Mando a Kaduna, abin da idonsa ke fara kamawa shi ne taransifomomi da dajin ƙarafa. Ba kasafai ake lura da layuka ukun da suka ratsa filin daga wannan baki zuwa wancan ba, alhali su ne mahaɗar komai. Layin da ya taso daga Shiroro a kansu yake sauke wutarsa, taransifoma daga nan take sha, layin da zai fita zuwa wani gari ma daga nan yake ɗiba. Ma'aikatan wuta basba suke ce musu. Idan layi ɗaya ya faɗi, wani yanki ne ke shiga duhu. Idan kuwa basba ya faɗi, duk abin da ke rataye da shi tare suke tafiya.

A tashar da aka gina a sarari, inda iska ce kawai ke raba layi da layi, iri biyu ake yi. Akwai sandararre, wato bututun alminiyum mai rami a ciki, kwance a kan insuletocin tangaran, masu hana wuta bin ƙarfe zuwa ƙasa, da ke tsaye bisa ginshiƙai. Akwai kuma mai lanƙwasa, wato murɗaɗɗiyar waya irin ta manyan layuka, a ja ta a ɗaure tsakanin gantiri biyu, dogayen ƙarafan nan masu gada a sama, da jerin faya-fayan insuleta a kowane baki. A Amurka an fi karkata ga bututu, ana shimfiɗa tasha ƙasa-ƙasa. A Indiya kuwa tashoshin 400 kV (volt dubu 400) da dama babban basbansu waya ce, biyu ko huɗu a haɗe, sai a sada na'ura da na'ura da bututu mai inci huɗu. Kowannensu wutarsa na tafiya. Saboda haka wanda ya ce maka wani irin ya fi wani a ko'ina, ko dai bai zagaya ba, ko kuma yana da hajar da yake son sayarwa.

Basba yakan yi shekara talatin ko arba'in yana aikinsa babu mai waiwayarsa. Sau biyu kaɗai ake gane ko an yi zaɓi nagari: ƙiftawar idon da wuta ta haɗe (wato layi ya taɓa layi ko ƙasa), da safiyar da aka turo ma'aikata su gyara abin da ya karye. A ganina a kan waɗannan biyun ya kamata a yi zaɓen. Farashin ranar bayar da kwangila daga baya yake zuwa.

A ranar lafiya dai bututu ne a gaba, wannan babu gardama. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar da Gana tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, irin wannan wuta kuwa ba ta son tsakiyar ƙarfe, gefe-gefe take bi. A alminiyum mafi yawanta cikin kaurin milimita 12 na waje take gudana, abin da ke can ciki nauyi ne kawai da ɓarnar kuɗi. Shi ya sa ake yin sa da rami. Bututu ɗaya mai faɗin milimita 120 yana ɗaukar kimanin amfiya 3,000 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), yayin da waya ɗaya ta babban layi ba ta cika wuce 700 zuwa 800 ba. Kafin waya ta kamo bututu sai an jera ta huɗu, an sa maƙalai suna riƙe tazarar da ke tsakaninsu. Sannan akwai tsiyayar wutar nan da ake jin shuuu ɗinta a gefen tasha, musamman bayan ruwan sama, wadda injiniyoyi ke kira korona. Siririyar waya ta fi yin ta, mai faɗi da santsi kuwa ya fi danne ta. A 132 kV abin bai cika damuwa ba, amma daga 330 kV zuwa sama waya ɗaya tilo ba ta wadatarwa, dole a haɗa biyu ko fiye.

To, mu zo ranar da wuta ta haɗe, don a nan maganar take.

Tun 1820 masanin nan Bafaranshe Ampère ya nuna cewa wayoyi biyu da ke kusa da juna, idan wuta na bin su, ko dai su ja juna ko su tura juna. Ƙarfin kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. Wuta ta ninka biyu, shi ya ninka huɗu. Ta ninka goma, shi ya ninka ɗari. Ɗauki basba mai tazarar mita 3 tsakanin layi da layi, yana ɗauke da amfiya 2,000. Turin da ke tsakaninsu bai kai nauyin gram 50 a kowace mita ba, abin da iskar asuba ma ta fi shi. Yanzu a ce tsawa ta faɗa kan layi kusa da tashar, ko insuleta ta fashe, wutar haɗewa ta kai amfiya 40,000. Bugun farko yakan ninka wannan sau biyu da rabi, wato 100,000. Layin tsakiya, wanda ke shan matsa daga hagu da dama, zai ji kusan kilo 60 a kowace mita. Idan tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi mita 15 ne, nauyin ya doshi kilo 900, kuma ba daga sama yake dannowa ba, daga gefe yake bugowa.

Wannan bugun cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa yake zuwa. Na'urar da ke gano matsala da birekar da ke yanke wuta, komai saurinsu, sai sun ci kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ke nan bireka ba za ta taɓa riga bugun farko ba. Dole basba ya sha shi da jikinsa.

Bututu ba shi da inda zai kauce, don haka duk abin da ya sha sai ya miƙa wa insuletar da ke ƙarƙashinsa. Tangaran kuwa gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi, amma ba ya jure a tanƙwara shi. Shi ya sa ake sayar da insuletocin tsaye da lambar ƙarfinsu: C6, C8, C10, C12.5. C8 na nufin tana jure turin kilo-niyuton 8 a kanta, kimanin kilo 800. Ka ga a misalin da muka kawo tuni an taka iyakarta. Injiniya sai ya zaɓa: ya rage tsawon tsakanin ginshiƙai, wanda ke nufin ƙarin insuleta da ƙarin harsashi, ko ya buɗa tazarar layukan, wanda ke cin fili, ko ya sayi insuleta mafi ƙarfi da tsada. Wannan ma lissafin farko ne. Kowane bututu yana da saurin karkarwar da jikinsa ya fi so, gwargwadon tsawonsa da kaurinsa. Dogayen na manyan tashoshi a hankali suke karkarwa, 'yan kaɗan a daƙiƙa, nesa da bugun wutar, wannan kuwa yakan sassauta musu. Gajerun na 33 kV su ne ake tsoron saurinsu ya zo daidai da na bugun wutar, sau 50 ko 100 a daƙiƙa, inda kowane bugu ke ƙara wa na bayansa ƙarfi. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: birekocin manyan layuka an saita su su sake rufewa da kansu bayan ɗan lokaci, da fatan matsalar ta wuce. Idan ba ta wuce ba, bugu na biyu zai tarar da bututun bai gama rawar na farko ba. Ƙa'idar IEC 60865, wadda injiniyoyin wuta na ƙasa da ƙasa ke bi, ta ware wa wannan lissafi na daban, kuma duk zanen da ya tsallake shi bai cika ba.

Waya tata hanyar daban ce. Ba ta tsayawa ta sha bugu, kaucewa take yi, kamar igiyar shanya da aka fizge aka saki. Mutane da yawa daga nan suke yanke cewa ta fi aminci, tunda ba ta fasa tangaran nan take. Amma kaucewar ma da kuɗinta. Yayin da layukan ke tura juna, kowanne na lilo zuwa waje, yana jan gantiri. Da bireka ta yanke wuta, wayar da ta tashi sama sai ta faɗo da dukan nauyinta, kuma sau da yawa wannan faɗowar ta fi jan farko tsanani. Daga nan sai su dawo ciki suna fuskantar juna. Idan suka matso fiye da kima, daidai lokacin da aka maido da wuta, sai a sami sabuwar haɗewa, wannan karon a kan basba kansa. A 132 kV mafi ƙarancin tazarar da IEC 61936 ta yarda da ita ga kayan da aka gwada a 650 kV mita 1.3 ce, kuma ko a tsakiyar lilon haɗewa dole rabin wannan ya rage. Abin lura a nan shi ne, bututu bugun farko ne damuwarsa, ita kuwa waya tsawon lokacin da wutar ta ɗauka kafin a yanke ta shi ne nata, domin lilonta a hankali yake, yakan ci daƙiƙa ɗaya ko biyu. Tashar da na'urorin kariyarta suka tsufa, suke jinkiri, wayarta ta fi shiga haɗari.

Wani haɗarin kuma ya shafi wayoyin da aka haɗa biyu-biyu ko huɗu-huɗu. Su da yake wuta hanya ɗaya take bin su, jan juna suke yi. Waya biyu masu tazarar santimita 40, kowace ta ɗauki rabin bugun nan na amfiya 100,000, jan da ke tsakaninsu ya haura kilo 120 a mita, ga wayar da nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sai su mannu da juna a tsakanin maƙalai, tsawonsu ya ragu farat ɗaya, su fizgi gantiri. Wurin da aka dasa maƙalan shi ke ƙayyade tsananin fizgar, kuma ba a dasa su da ido ko da al'ada. Ƙungiyar injiniyoyin wuta ta duniya, CIGRE, ta fitar da kundi biyu a kan wannan, a 1996 da 2002, bayan gwaje-gwajen da aka yi da wutar gaske. Sai kuma gajerun wayoyin da ke saukowa daga basba zuwa kan aisoleta (makunnin da ke raba na'ura da layi don a yi gyara) ko bireka. Su ma suna fizga, kuma abin da suke fizga shi ne kan na'ura mai tsada.

Wannan duka ya rataya ne a kan lamba ɗaya, wato yawan wutar haɗewar da tashar za ta gani. Lambar kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Lokacin da aka kunna Kainji a 1968, abin da ke bayan layin kaɗan ne. Jebba ta shigo a 1985, Shiroro a 1990, ga Zungeru mai megawat 700 ta biyo baya. Duk sabuwar tashar samar da wuta, duk sabon layin da aka ja kusa da tsoho, ƙara wa lambar nan yake yi. Tashoshin arewa da yawa a ƙarshen dogayen layuka suke, kuma nisan ne ke rage musu zafin haɗewa a yau. Amma abin da kowa ke roƙo shi ne a ninka layukan, a rufe zagaye, a kammala layin 330 kV da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai har zuwa Wagadugu da arewacin Benin. Ranar da wannan roƙo ya karɓu, basban da aka auna da wutar yau zai tsinci kansa a wata duniyar. Tunda ƙarfin ninkin-ba-ninki yake, tashi daga amfiya 25,000 zuwa 40,000 ya fi ninka nauyin sau biyu da rabi. Ƙarfafa basba bayan an gina shi yana yiwuwa, a ƙara ginshiƙai a ƙarƙashin bututu, ko a ƙara wa gantiri ƙarfe a sake jera maƙalai, sai dai kowanne yana buƙatar a kashe wuta kwana da kwanaki a tashar da jihohi ke rataye da ita.

Sai zafi, wanda mu a nan ba baƙonmu ba ne. Alminiyum yana miƙewa da kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri. Daren Janairu a Kano ko Damagaram sanyi kan sauko kusa da digiri 10. Tsakar ranar Afrilu kuwa, iska ta haura 40, rana na dukan ƙarfe, ga lodi, jikin bututu na iya kai 85. A bututu mai mita 20 wannan bambanci ya kai santimita uku da rabi, a jerin mita 100 kuwa santimita 17. Idan aka ɗaure shi tam a kowane ginshiƙi, zai tura insuletocin da rana ya jawo su da dare, kullum, har wata rana ɗaya ta tsage daga gindi. Maganin shi ne a ɗaure shi a wuri ɗaya, sauran kilam ɗin, wato ƙarafan da ke riƙe shi a kan insuleta, su zama masu barinsa ya zame, sannan a sa mahaɗa mai lanƙwasa tsakanin bututu da bututu. A takarda abin ya yi kyau. A fili kuwa, kilam mai zamewa da wanda ba ya zamewa kusan kamarsu ɗaya daga ƙasa. Ma'aikaci mai himma ya hau, ya taɓa ya ji bututu na motsi a cikin kilam, ya ɗauka noti ne ya kwance, ya sa sifana ya ƙulle shi da kyau. Ya sauko yana ganin ya yi gyara. Ƙurar hunturu ma takan cika wurin zamewar ta yi irin wannan aikin a hankali. Waya ba ta da wannan matsalar, zafi ya zo ta saki ciki, sanyi ya zo ta ɗaure. Abin da ake dubawa kawai shi ne kada cikin ya sauko kusa da kan mutum ko motar aiki a bazara, kada kuma jan ya wuce ƙarfin gantiri a hunturu. Wani abin kuma da ya shafi duka biyun: jadawalan amfiya na Jamus da ake yawan kwafowa an gina su ne a kan iska mai digiri 35. Wanda ya ɗauki lambar amfiya daga can ya kawo Sakkwato ko Maiduguri bai rage komai ba, ya ba basbansa ƙarfin da ba shi da shi.

Iska ma kowanne da irin wadda ke damunsa. Waya guguwar farkon damina take tsoro, mai kaɗa ta gefe guda. Bututu kuwa guguwa ba ta cika razana shi ba, 'yar iska mai laushi da ke kaɗawa ba tsayawa ita ce abokiyar gabarsa. Iska mai gudun mita 3 a daƙiƙa, idan ta ratsa bututu mai milimita 120, tana girgiza shi sama da ƙasa kusan sau biyar a daƙiƙa, wanda ya zo daidai da saurin da dogon bututu ke so. Motsin ƙanƙane ne, ido ba ya cika ganinsa, amma wata da watanni yana gajiyar da ƙarfe a bakin kilam da wurin walda. Maganinsa mai sauƙi ne ƙwarai: a zura guntun murɗaɗɗiyar waya a cikin ramin bututun, mai nauyin kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa, a bar ta kwance. Idan bututu ya motsa sai ta buge shi daga ciki ta kashe rawar. Da zarar an rufe bakin, ba mai iya sanin ko an sa ta ko ba a sa ba, saboda haka mai duba aiki ya tsaya a wurin ranar da ake zurawa. Haka ma ƙaramar hudar da ake yi a ƙasan bututu, daidai tsakiya inda ya ɗan lotsa, don raɓar da ta taru a ciki ta fita, da murfin baki da ke hana tsuntsu da zanzaro yin gida.

Batun ƙura kuwa ba ya ba kowa nasara. Ƙurar hunturu muddin tana bushe ba ta cika yin ɓarna ba. Sai raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta a jikin insuleta, ta zama hanya, wuta ta bi ta yi tsalle. Bututu insuletocinsa sun fi yawa, ke nan wuraren da hakan ke iya faruwa sun fi yawa, amma suna ƙasa inda tsani ke kaiwa. Na waya kaɗan ne, amma suna can ƙololuwar gantiri, sai da motar ɗaga mutum ko mai ƙarfin halin hawa.

Abin da na fi ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ƙasar da za a yi ginin a kanta. Basban bututu ginshiƙai masu yawa ne, kowanne da harsashinsa, kuma dole kawunansu su tsaya a layi ɗaya har ƙarshen rayuwar tashar. A yankin Tafkin Cadi, da wasu sassan Gombe da Adamawa, akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu na shiga. Harsashin da bai nutse ya wuce wannan laka ba zai riƙa hawa da sauka, kuma ba tare da maƙwabcinsa ba. Santimita biyu ko uku na bambanci waya ba za ta ma ji ba, bututu kuwa zai mayar da shi tanƙwara a wuyan tangaran. Ana iya gina bututu a irin wannan ƙasa, amma kuɗin da aka yi murnar ragewa a ƙarfe za a zuba shi a kankare da tona rami. Girgizar ƙasa ma darasi iri ɗaya ta koyar. Wadda aka yi a San Fanando ta jihar Kalifoniya a 1971 ta ragargaza tashar Sylmar, kuma daga irin waɗannan asarori aka koyi cewa na'urori biyu masu tangaran, idan an haɗa su da abin da ba ya bayarwa, kowace na karya 'yar'uwarta. Ƙa'idojin IEEE 693 da 1527 sun tanadi a bar wa mahaɗin sarari ya yi motsi. Mu yankinmu bai cika girgiza ba, ko da yake Kwoi ta ji motsi a 2016, Mpape ta Abuja a 2018, Akara ta Gana kuma ta ga babba a 1939. Laka ce tamu girgizar, sai dai ita a hankali take yi.

Yanzu safiyar gyara. Waya a naɗe take zuwa a kan daram, kowace babbar mota na ɗaukarta, kuma irin wayar da ke kan layukan ƙasar ce, da kilam ɗinta da injin matse ta da ma'aikatan da suka saba da ita. Idan ta tsinke ana iya samun madadinta a sito mafi kusa. Bututu dogo ne, ba ya naɗuwa. Kwantena mafi tsawo da aka saba gani mita 12 ce, wanda ya fi haka sai an yi masa mota ta musamman, ya yi tafiyar kusan kilomita dubu daga tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa Kano, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Wanda ya lanƙwashe a hanya ba ya miƙuwa ya koma daidai, wanda ya kuje kuma ya zama matattarar korona. Idan aka kawo gajeru a haɗa a fili, sai walda, kuma waldar alminiyum ba irin ta ƙofa da taga ba ce. Tana son iskar agon, da rumfar da za ta tare iska da ƙura, da hannun da ya ƙware. Ko an yi ta da kyau, zafinta na rage ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da ita, shi ya sa ba a yin ta a tsakiyar tazara inda nauyi ya fi taruwa. Wanda zai zaɓi bututu ga tashar da ke nesa da manyan birane, ya fara tambayar kansa wa zai yi wannan waldar shekara goma sha biyar nan gaba, da tsakar damina, gari na cikin duhu.

Amma a yi wa bututu adalci. Ba ya cikin ja kullum, don haka idan insuleta ɗaya ta fashe yawanci ɓarnar a wurin take tsayawa. Jerin insuletar waya kuwa idan ya tsinke, wayar gaba ɗaya ke zubowa a kan duk abin da ke ƙarƙashinta, har da ɗaya basban da ake taƙama da shi a matsayin madadi. Tashar bututu kuma a buɗe take ga ido. Mai aiki na tsaye yana ganin wane layi ya shiga ina, wace aisoleta ke buɗe, ba wayoyi hawa uku a saman kansa. A wurin da kuskure ɗaya ke cin rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aisoletar nan mai miƙewa sama kamar almakashi ta kama basba ma ta fi samun natsuwa da bututu, tunda abin da za ta kama ba ya yawo da iska ko zafi.

Fili da kuɗi ba zan daɗe a kansu ba, don amsarsu na sauyawa daga tasha zuwa tasha. Bututu na barin a matso da layuka kusa, amma a shimfiɗe yake. Waya na son tazara, amma ana iya ɗora ta hawa-hawa, ta tsallake hanyar mota da na'urori da tazara mai tsawo. Ɗaya na cin alminiyum da tangaran, ɗaya na cin baƙin ƙarfe da manyan harsasai. Inda fili ya yi tsadar gaske, kamar tsakiyar Legas ko Abuja, maganar ma takan koma ga tashar da ake rufewa cikin tukwanen ƙarfe masu iskar SF6 mai hana wuta tsallakawa, wannan kuwa wani babi ne.

A aikace, tashoshi kaɗan ne ke bin iri ɗaya zalla, kuma haka ya dace. Ni inda na tsaya shi ne, sabuwar tashar 330 kV da za ta zama mahaɗar layuka da yawa, mai ɗaukar amfiya 3,000 ko fiye, a kan ƙasa mai tauri, babban basbanta ya zama bututu. Tashar 132 kV da ke can nesa, ko wadda ke kan laka mai motsi, ko faɗaɗa tsohuwar da dama da waya aka gina ta, a bar ta da waya, amma a yi mata cikakken lissafin lilo da fizga, kada a ce ai waya ce, tana bayarwa. Ko wanne aka zaɓa, hawa kan taransifoma da bireka ya kasance da abu mai lanƙwasa, domin taransifoma na karkarwa dare da rana, kuma ƙahonta, wato tangaran ɗin da wuta ke shiga cikinta ta kansa, ya fi duk basban wahalar samu.

Mahaɗan nan kuwa su ne inda aka fi samun matsala. Alminiyum da ya sha iska yana yin wata fata siririya da ba ta barin wuta ta wuce. Kafin a ɗaura kilam sai an goge fuskar da burushin waya, an shafa man da aka yi don haka nan take, an ɗaure notin da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba. Inda alminiyum zai haɗu da jan ƙarfe sai an sa faranti mai fuska biyu a tsakani, alminiyum kuma ya kasance a sama, don ruwan da ya wanko jan ƙarfe kada ya zubo masa ya cinye shi. Mahaɗar da aka yi wa ha'inci ba ta nuna kanta ranar buɗe tasha. Zafi take yi a hankali, sai kyamarar auna zafi ce ke ganinta kafin ta narke.

Duk wannan a takardar kwangila ake cin nasararsa ko a faɗi. A rubuta wutar haɗewar da ake tsammani bayan shekara ashirin ko talatin, a kuma ce ɗan kwangila ya kawo lissafinsa a duba kafin ya sayi komai. A rubuta zafin iskar wurin na gaskiya. A tona ƙasa a gwada ta kafin a zaɓi irin basban. Idan bututu aka zaɓa, a sa a cikin kuɗin aikin 'yan tsayi na ajiya, da insuletoci masu lamba ɗaya da waɗanda aka dasa, da kilam na kowane iri, a ajiye su a cikin tashar a kan katako, ba a ƙasa ba. Kilam masu zamewa kuma a shafa musu fenti mai launi daban, a rubuta ma'anar launin a bangon ɗakin ma'aikata.